Yadda Ake Haɗa 'Yan Kunne Na Waya Da Duwatsu A Gida

Tambaya guda ce take ta dawowa daga 'yan'uwa mata game da 'yan kunnen hannu: da me ake yi, ina ake samun kayan, kuma ta ina ake farawa? Ga amsar daki-daki. Amma ki riƙe wani abu tun daga nan. Zaɓen duwatsu da haɗa launi, duk macen da take da ido ta iya. Ainihin aikin yana wurin waya: yadda kika lanƙwasa ta, yadda kika naɗe ta, da yadda kika ɓoye bakinta. A nan ake bambanta ɗan kunnen da zai shekara ana sa shi da wanda zai zube a wurin biki tun ba a kai amarya ba. Saboda haka za ki ga na fi daɗewa a matakan waya.

1. Kayan aiki

Filaya uku ne jarinki. Ta farko mai zagayayyen baki, wadda take da kauri a gindi tana sirancewa har tsini. Da ita ake yin ido, wato 'yar da'irar da ake rataya ɗan kunne da ita. Ta biyu mai shafaffen baki, ta riƙo da lanƙwasa da matsewa. Ta uku ta yanka. Yawanci a fakiti ɗaya ake sayar da su. A Kano akwai duwatsu iri-iri a Kasuwar Kurmi, filaya da waya kuwa ki tambayi masu kayan ɗinki da na kwalliya a babbar kasuwar garinku. Ki tafi da hoton kayan a salularki, ya fi sauƙi ki nuna wa mai shago da ku tsaya jayayya kan suna.

Sauran duk a gida suke: rula, maka mai siririn baki, biro, abin goge farce ko sanfefa mai laushi, salatif, tire, tsohon tawul, sipirit da auduga.

Gargaɗi: filayar masu gyaran lantarki tana da haƙora a baki. Duk inda ta kama sai ta bar tabo, ta kuma kankare ruwan gwal ko na azurfa da aka yi wa wayar. In ita kaɗai gare ki, ki naɗe bakinta da salatif ninki biyu kafin ki fara.

2. Zaɓen waya

Kauri uku za ki riƙa nema. Mai milimita 0.8 ta ƙugiya ce da zagaye, domin tana riƙe siffarta kuma tana shiga hujin kunne ba tare da ta takura ba. Mai 0.6 ita ce ta jikin ɗan kunne, tana ratsa ramin yawancin duwatsu, tana kuma naɗuwa cikin sauƙi. Mai 0.4 ko 0.3 ta ƙananan ado ce, ba ta ɗaukar nauyi.

A jikin wasu naɗin za ki ga lambar geji maimakon milimita. A ma'aunin Amurka, lamba 20 ita ce wajen 0.8, lamba 22 wajen 0.6, lamba 26 kuma 0.4. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon sirantar wayar, ki lura da wannan don kada a juya miki lissafi. Akwai kuma ma'aunin Ingila, wanda lambarsa ta 20 ta kai 0.9. Shi ya sa na fi son a yi ciniki da milimita.

Mafi yawan wayar da ke kasuwa jan ƙarfe ce aka yi mata ruwan gwal ko na azurfa. Ta isa ga jikin ɗan kunne. Don koyo kuwa, ki je wurin masu naɗin kwayil ɗin fanka ki sayi wayarsu, tana da laushi da araha, ba za ki ji zafin ɓata ta ba.

Gargaɗi: wannan wayar fankar ta gwaji ce kawai, kada ta shiga kunnen kowa. Akwai kuma wata waya mai tauri da ake sayarwa a nannaɗe don yin awarwaro. Ƙarfe ce mai ƙarfin gaske, yanka ɗaya za ta yi wa filayarki giɓi.

3. Zaɓen duwatsu

Ki fara da na gilashi masu milimita 8, 6 da 4, da ƙanana irin na jigida. Na roba ba su da nauyi, sai dai da wuya su yi ƙyallin na gilashi. Cikin ƙananan, waɗanda ake yi a Japan irin su Miyuki da Toho sun fi zuwa kai ɗaya, amma sun fi tsada. Masu araha sai kin zauna kin tsince su. Duwatsun gilashin da Nufawa suke yi a Bida da na Kurobo daga Ghana suna da kyau ƙwarai a ɗan kunne, sai dai suna da nauyi da faɗin rami, don haka ɗaya ya isa kowane kunne.

Kafin ki biya, ki yi gwaji biyu a gaban mai shago. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin dutsen. In ya ɗauko launi, rini ne, gumi zai sauke shi a wuyan mai sawa da hijabinta. Sannan ki sa farce ki ɗan kankari bakin ramin, musamman masu kama da lu'ulu'u. In fatar ta ɗago, ki ajiye masa kayansa. Ki kuma riƙe guntun wayarki a jaka, ki zura ki gani ko tana wucewa.

4. Shimfiɗa wurin aiki

Ki shimfiɗa tawul a kan tire, shi zai hana duwatsu gangarewa. Ki zauna inda haske yake, da rana in da hali. Ki jera duwatsun kunne biyun gefe da gefe a kan tawul kafin ki taɓa waya. Daga nan har ƙarshe, duk abin da kika yi wa na dama ki yi wa na hagu nan take. Wadda ta gama ɗaya tukuna ta koma kan ɗayan, da wuya su fito tsayi ɗaya.

Gargaɗi: in akwai yaro mai rarrafe a gidan, ki yi aikin a sama, ki share wurin da kin tashi. Dutse mai milimita 6 yana shiga hanci da maƙogwaro.

5. Yanka da toshe ƙasa

Ki ja wayar 0.6 tsakanin yatsunki ta cikin ƙyalle sau biyu ko uku ta miƙe. Ki yanke biyu, kowace santimita 7. Wannan ya ishi ɗan kunne mai dutse ɗaya na milimita 8 da biyu na milimita 4. In kin ƙara duwatsu, ki auna tsawonsu a jere ki ɗora santimita 5 a kai.

Ki duba bakin filayar yanka: gefe ɗaya a shafe yake, ɗayan yana da kwarmi. Shafaffen gefen shi zai fuskanci wayar da za ki yi aiki da ita, don bakin ya fito a daidaice ba da tsini ba.

Sai a toshe ƙasa don kada duwatsu su zame. Ki kama milimita 2 na bakin wayar da filaya mai shafaffen baki, ki ninke shi ya koma jikin wayar, ki matse sosai. In kina son ado, ki yi ɗan ƙaramin ido da tsinin zagayayyar filaya, ki kama shi a kwance ki riƙa juyawa har ya zama naɗi biyu ko uku. Ana kuma sayar da fil mai kai, wanda an riga an toshe ƙasansa, yana rage aiki.

Gargaɗi: guntun waya yana tsalle in an yanke, kuma ido yake nema. Ki rufe shi da yatsa ko ki kifa filayar cikin tawul kafin ki datse.

6. Jera duwatsu

Ki zura ƙarami, babba, ƙarami, ko yadda kika tsara. In babban yana da faɗin rami irin na Bida, ƙaramin da ke ƙasa shi ne zai tare shi. Ki ɗaga biyun tare ki duba su a haske.

7. Naɗaɗɗen ido

Wannan shi ne matakin da za ki fi ba lokaci. Ido iri biyu ne, akwai wanda ake murɗawa kawai a bar shi, akwai wanda ake naɗe wuyansa. Na farkon ya fi sauri, amma da mayafi ya ja shi sai ya buɗe. Ni na biyun nake koyarwa, domin ba ya buɗewa sai an yanke shi.

Kafin komai, ki sa maka ki yi ɗigo a bakin zagayayyar filaya, wajen milimita 5 daga tsini. Kullum a kan ɗigon nan za ki riƙa ɗora waya. Da haka idanunki za su fito girma ɗaya.

Ki tura duwatsun su zauna a ƙasa. Ki kama wayar da tsinin shafaffiyar filaya, dab da dutsen sama. Ki sa babban yatsa ki kwantar da wayar da ke saman filayar ta yi kwana, tana kallon gaba, nesa da ke. In kin cire filayar za ki ga ɗan wuya na milimita 2 zuwa 3 tsakanin dutse da kwanar. A wuyan nan naɗi zai zauna.

Ki ɗauki zagayayyar filaya, ki kama wayar a daidai kwanar, baki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da yatsa, ki ɗago jelar wayar ki zagayo da ita ta kan bakin sama zuwa wajenki, har ta kalli ƙasa. A nan bakin ƙasa zai tare miki hanya. Ki sassauta riƙo, ki juya filayar yadda bakin ƙasa zai koma cikin da'irar, sannan ki ƙarasa jan jelar ta ƙarƙashinsa har ta gitta wuyan. Yanzu kina da cikakkiyar da'ira zaune a tsakiyar wuya, jela kuma ta miƙe gefe. In da'irar ta karkata, ki daidaita ta tun filayar tana ciki.

Ki kama da'irar a kwance da shafaffiyar filaya, ki riƙe gam. Da ɗaya hannun ki kama jelar ki naɗa ta a wuyan, daga sama zuwa ƙasa, naɗi na bin naɗi ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Biyu ko uku za su cike wuyan. Ki riƙe jelar a miƙe gefe yayin da kike zagayawa, kada ki bari ta sunkuya, sunkuyawar ce take sa naɗi ya bar giɓi.

Ki yanke saura dab da jiki. Za ki ga ɗan tsini ya leƙo. Ki sa tsinin shafaffiyar filaya ki kwantar da shi, kina bin hanyar da naɗin ya bi. Ki shafa da yatsa, sannan ki goga wurin a jikin tsohon gyale mai santsi. In ya kama zare ko ɗaya, aiki bai ƙare ba, ki sake matsewa. Mata da yawa ba sa komawa wurin mai 'yan kunne saboda wannan ɗan tsinin kaɗai, don ya taɓa ja musu zaren mayafi mai tsada.

Gargaɗi: kada ki cusa naɗi na ƙarshe da ƙarfi a kan dutse. Gilashi yana tsagewa daga bakin rami, wani lokaci sai bayan kwanaki. Ki bar ɗan sarari yadda dutsen zai iya juyawa. Haka kuma jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, in an yi ta kai da komo a wuri guda sai ya karye. Idon da ya lalace, ki yanke ki sake sabo, kada ki tsaya warwarewa. Ki yi ido ashirin ko talatin da wayar fanka kafin ki taɓa mai tsada. Za ki ga hannunki ya faɗa da kansa.

8. Ƙugiya

A farko ki sayi ƙugiya haɗaɗɗiya, ana sayar da ita a ƙulle da yawa. Amma a nan ne ba na yarda a yi rowa, domin ita ce take zama cikin naman mutum. Masu arha da yawa suna da sinadarin nikel, wanda yake sa kunne ƙaiƙayi da ja da ruwa. Matsalar ta kai Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita shi a kayan ado tun 1994. Ki nemi ta baƙin ƙarfe marar tsatsa irin mai lamba 316L, ko ta azurfa mai hatimin 925. Jan ƙarfe zalla kuwa yana bar wa fata kore in ya haɗu da gumi. Wasu suna shafa man farce marar launi a ƙugiya, amma yana ɓarewa cikin kwanaki, ba magani ba ne.

In kina son yin taki, ki yanke wayar 0.8 mai kyau guda biyu, kowace santimita 5 da rabi. Ki yi ƙaramin ido a bakin kowace. Ki haɗa su gefe da gefe ki manne idanun da salatif, don ki lanƙwasa su lokaci guda. Ki ɗora biro a bayan idanun, ki zagayo da wayoyin ta kansa, akasin inda idon ya kalla, har jelar ta sauko. Ki ɗan tanƙwara milimita 4 na ƙarshe waje. Ki cire salatif, ki ɗora kowace a kan ƙarfe mai santsi ki bubbuga saman lanƙwasar a hankali da ƙaramar guduma, sau biyar ko shida, don ta yi tauri.

Gargaɗi: bakin da zai shiga kunne sai an goge shi da abin goge farce ta kowane gefe har ya yi mulmul. Ki gwada a bayan hannunki. In ya karce ki, zai yanki hujin kunne.

9. Ratayawa

Idon ƙugiya shi ake buɗewa, tunda na jikin ɗan kunnen a naɗe yake. Ki kama gefen da yake a sake ki tura shi gefe, kamar yadda ake tura ƙyauren ɗaki. Ki rataya ɗan kunnen, ki mayar da shi yadda yake har bakin ya taɓa jiki. Kada ki ja shi waje ki wangale, da'irar ba za ta koma daidai ba. Ƙananan zobban haɗi ma haka ake buɗe su, da filaya biyu, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya.

Ki riƙe ƙugiyar ki duba ko fuskar ɗan kunnen tana kallon gaba. In ta juya gefe, ki kama naɗaɗɗen idon a kwance ki ɗan murɗa shi.

10. Samfuri na biyu: zagaye

Da hannunki ya saba, ki gwada wannan. Ki samo babban batirin tocila, faɗinsa wajen santimita 3.3 ne, kewayensa kuma ya ɗan haura 10. Ki yanke wayar 0.8 santimita 13, ki naɗa ta a jikinsa ki danna da yatsa. In kin sake ta za ta ɗan buɗe, haka waya take. Ki yi ido a baki ɗaya, ki zura duwatsu, ki bar santimita 1 a ƙarshe ki yi ido na biyu. Ki haɗa idanun biyu da ƙaramin zobe, ki rataya a ƙugiya.

Gargaɗi: ƙananan duwatsu irin na jigida da lamba ake faɗin girmansu, ba da milimita ba, kuma masu lamba 11 da ƙyar suke bin wayar 0.8, in kin tilasta sai su fashe. Ki nemi masu lamba 8 ko 6. Kada kuma ki cika zagayen dam, in duwatsu suka matsu a lanƙwasa suna cin juna.

11. Dubawa da tsabta

Ki rataya biyun a bakin kofin gilashi ki duba tsayinsu. Ki ɗan ja kowanne ki girgiza. Ki goge ƙugiyoyin da sipirit da auduga. Duk sabon samfuri, ki yi wa kanki guda ki wuni da shi a ƙarƙashin hijabi. In ya ja kunne ko ya riƙa maƙalewa, ki rage dutse ko tsawo. Ga masu hijabi, wanda bai wuce santimita 4 ba ya fi daɗin sawa, kuma ki haɗa musu da 'yar robar da ake toshe bayan ƙugiya.

Gargaɗi: kada ki yi wa jarirai da ƙananan yara mai lilo, suna fizgewa su kai baki. Wadda aka yi wa sabon huji kuma ta jira ya warke, aƙalla mako shida.

12. Lissafin kuɗi

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka ki koyi yadda ake fitar da lissafin da kanki. Zaren duwatsun da ake shigowa da su yawanci santimita 38 zuwa 40 ne. Ke nan na milimita 8 za ki samu wajen 48 zuwa 50, na milimita 6 wajen 65, na milimita 4 kusan 100. A ce kin sayi zaren masu milimita 8 a naira 2,000, kowane dutse ya tsaya miki naira 40 ke nan. Naɗin waya mai mita 10, a santimita 14 kowane kunne biyu, zai ba ki 70 a takarda, amma ki lissafa 60 saboda ɓarna. Ki raba kuɗin ƙullin ƙugiya da yawansu.

Bayan wannan ki ɗora abubuwan da ake mantawa: kuɗin motar zuwa kasuwa, katin da za ki maƙala su, leda, robar baya, da wani abu kaɗan na mayar da kuɗin filaya. Sannan ki sa wa lokacinki kuɗi. Masu farawa da yawa suna lissafa duwatsu kawai su sayar, sai kaya su ƙare a rasa kuɗin sarin wasu. A sarin farko kada ki wuce launi uku ko huɗu da suke shiga yawancin atamfa da leshi, sai kin ga abin da ake tambaya ki faɗaɗa.

13. Ajiya da abin da za ki gaya wa mai saye

Iska mai laima da gumi da turare su ne suke dusar da ruwan waya. Ki ajiye kowane biyu a 'yar leda mai zif, musamman da damina. Ki gaya wa mai saye ta fesa turare ko ta shafa humra tukuna, ya bushe, sannan ta sa ɗan kunne, ta kuma cire kafin wanka da barci. Jan ƙarfe zalla in ya yi duhu ana wanke shi da ruwan lemun tsami da gishiri a ɗauraye a shanya, amma kada a yi wa mai ruwan gwal haka, busasshen ƙyalle mai laushi ya ishe shi.

Ki tanadi ƙaramin littafi. Duk samfurin da kika yi, ki rubuta tsawon wayar, kaurinta, girman duwatsun da yawan naɗin, ki kuma ware duwatsu biyu ko uku daga kowane zare ki ajiye. Ɗan kunne ɗaya-ɗaya yake ɓata, kuma za a dawo miki da ɗayan a ce ki yi masa ɗan'uwa, wataƙila lokacin launin ya ƙare a kasuwa.